Wuƙar da Na Shafa wa Baƙin Fenti

Yanzu idan gari ya waye a ƙauyenmu, abin da kunne yake fara kamawa shi ne kukan injin markaɗe da na baburan da ke ɗibar mutane zuwa Kabo. Lokacin da muke tasowa, bayan kiran salla da kukan maruƙa, maƙera ce ke tashin gari. Tana can gabas da masallaci, ƙarƙashin wata rumfar kara da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Za ka fara jin zugazugi yana numfashi kamar saniyar da ta hawo tudu, sannan masaba ta sauka a kan uwar maƙera, bugu biyu masu nauyi, ɗaya mara nauyi, haka har rana ta take. Innata ba ta taɓa ɗaura agogo ba, amma takan leƙo ɗakinmu ta ce, "Maƙera ta tashi ku kuna kwance? Ku je ku kwance maruƙa." An daɗe da rushe rumfar nan. A wurin yanzu akwai shagon cajin waya, kuma yaran da ke zama a bencinsa ba su san an taɓa hura wuta a ƙarƙashin ƙafafunsu ba.

Mu ba maƙera ba ne. Gidanmu gidan kiwo ne, a wancan lokacin ko kadada ɗaya ba mu nomawa sai ɗan abin da mata ke shukawa a bayan gida. Amma makiyayi ba ya rabuwa da maƙeri, domin ba ya rabuwa da wuƙa. Da ita kake fere sanda, da ita kake sassabo wa shanu ganye idan ciyawa ta ƙare, da ita kake cire ƙaya daga kofato, idan kuma dabba ta faɗi tana neman mutuwa da ita kake halatta ta. Yaro ba ya samun tasa sai ranar da ubansa ya yarda zai iya fita da garke shi kaɗai. Ranar da tawa ta zo, Baba ya riƙe hannuna muka je wurin tsohon maƙerin garinmu da wani guntun sifirin mota da ya daɗe yana ajiya. Kwana uku ana aikinta. Da ya gama, sai tsohon ya ɗauki kurfi, wato ɗan ƙarfen da suke sassaƙa da shi, ya buga shaida biyu kusa da ƙota. A gefe ɗaya tasa, layi uku da suka haɗu kamar sawun zabuwa. A ɗaya gefen ta gidanmu, layi biyu da ɗigo, irin wadda muke yi wa shanunmu. Duk wuƙar da ta fita daga hannunsa haka yake yi mata. Yakan ce shi ba ya sakin ƙarfe ya shiga duniya ba a san ubansa ba.

Na yi shekara biyu ina alfahari da wuƙar nan, har ranar da na ga wata a ƙugun wani direban babbar mota a kasuwar Kabo. Baƙa ce sumul, daga tsini har ƙota, tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Ya ce daga kudu ya sayo ta. Tun daga nan tawa ta koma mini abin ƙauye. Na je wurin mai gyaran keke na roƙi ragowar baƙin fenti a gwangwani, na tafi da shi kiwo, na zauna a bakin rafi na shafe wuƙata kaf, shafi uku, har shaidun nan biyu suka ɓace. Ban nuna wa kowa a gida ba, don na san abin da Baba zai ce. Tana cikin kube, kube yana ƙarƙashin riga. Nakan zaro ta ne kawai idan ba kowa, in juya ta a rana, in ji ni ma na zama wani.

A wannan shekarar akwai wani mutum da ya zo daga yamma, daga wajen Katsina, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama da 'yan shanu kaɗan. Mai unguwa ya ba shi wuri a ƙetaren rafin, ya kafa bukka biyu. Mutum ne mara yawan magana, mai doguwar gaisuwa. Baffa nake ce masa. Mutanen gari kuwa baƙon nan suke cewa, kuma ka san yadda ake yi wa baƙo, duk kazar da ta ɓata sai an waiga wajensa ko da ba a furta ba.

Kaka ta yi, dawa ta nuna amma ba a yanke ba. Wata rana da la'asar na ji kiɗan kokawa yana tashi daga ƙauyen da ke gaba da mu. Shanu sun ƙoshi, sun kwanta suna tuƙa. Na ce a raina in je in kalli karo biyu in dawo, ba abin da zai faru. Karo biyu ya zama goma. Da na dawo a guje, babu saniya ko ɗaya a inda na bar su. Na bi sawu, sai ga su a tsakiyar gonar wani dattijo manomi, gonar da iyalinsa kaf suke ci daga cikinta. Sun karya kara, sun cinye zangarniya, kusan rabin gonar ya kwanta. Na shiga ina kora ina kuka. Wani maraƙi igiyarsa ta naɗe da kara tana shaƙe shi, na zaro wuƙa na datse ta. A daidai lokacin na ji kamar muryar mutane daga hanya. Tsoro ya kama ni, wuƙar ta suɓuce, ban tsaya nema ba. Na kora shanun na sa su cikin rafi, muka bi ruwa muka yi nisa kafin mu fito, don kada a bi sawunsu zuwa gidanmu. Ban yi tunanin cewa inda sawun ya ɓace, daidai ƙetaren bukkokin Baffa ne ba.

Washegari gari ya ɗauka. An bi sawu ya tsaya a bakin rafi, ga shanun baƙo a ƙetare. An kuma tsinci baƙar wuƙa a cikin gonar. Aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu a ƙofar mai unguwa, kowa yana cewa wannan ba irin tamu ba ce, a garin nan babu mai baƙar wuƙa, babu shaida a jikinta, ta baƙi ce. Ina tsaye a bayan taro ina ji. Aka kira Baffa. Ya tsuguna, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shanuna ba ne, wuƙar ma ba tawa ba ce." Aka ce to ta wane ne? Ya yi shiru. Mai gonar yana zaune hawaye na bin gemunsa, 'ya'yansa kuwa sun riƙe sanduna. Don a kashe wutar, mai unguwa ya yanke cewa baƙon zai bar wa mai gona saniya biyu, kuma ya tattara iyalinsa ya bar garin bayan sallar Juma'a. Ranar Laraba ce.

Na koma gida na cusa kuben a cikin jinkar ɗaki. Inna ta ajiye mini tuwo, na kasa kai loma ta biyu. Ta dube ni ta ce, "Cikinka ne?" Na ce e. Ta jiƙa mini kanwa, na sha, ba ciwon ciki nake ba.

Kafin taron ya watse, ashe tsohon maƙeri ya karɓi wuƙar ya juya ta, ya shafa bayanta da babban yatsa. Ya ce wa mai unguwa a bar masa ita, gobe da hantsi duk mai so ya zo maƙera, zai wanke mata fuska a ga ko tana da uba. Haka kuwa aka yi. Alhamis da hantsi rumfar ta cika. Baba yana nan, mai gonar yana nan, Baffa yana gefe shi kaɗai a rana. Na so in fita da shanu da wuri, Baba ya ce ƙanena ya kai su yau, ni in zo in ga abin da sakaci yake jawo wa mutum.

Tsohon ya dafa ruwan tsamiya da kanwa a wani tsohon kasko, ya tsoma wuƙar har fentin ya fara yamutsewa. Ya ɗebo toka da yashi mai laushi da tsingaro. Sannan ya ɗaga kai ya bi taron da ido, har ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗan gidan Malam, zo ka riƙe mini ƙotar nan. Hannuna rawa yake yi yau."

Hannunsa ba ya rawa. Mutumin da ke ɗaga masaba da hannu ɗaya tun asuba. Na je na durƙusa a gabansa na riƙe ƙotar wuƙata, ya ɗora tsinin a kan guntun icce. Shaida tana kusa da ƙota, kowa ya sani, kankara biyu ta isa a gan ta. Amma sai ya fara daga can tsini. Yana goga tsingaro a hankali, ƙarr, ƙarr, ya yayyafa toka, ya goge da tsumma, farin ƙarfe ya fito kamar faɗin farce. Ya sake. Wani daga cikin 'ya'yan mai gonar ya ce, "Baba, ai ta ƙasa za ka duba." Tsohon bai ɗago ba, ya ce, "Da ka iya da kai aka ba." Aka yi dariya kaɗan.

Ban taɓa ganin lokaci mai tsawo kamar wannan ba. Farin yana tahowa wajen hannuna kaɗan-kaɗan. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan ƙarfen. Na waiga na ga Baffa yana kallon ƙasa, ƙafafunsa duk faso, ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Da ya rage kamar faɗin yatsa uku, tsohon ya tsaya, ya yi kamar yana neman wani tsingaron, ya sunkuyo har na ji warin hayaƙi a rigarsa. Ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Na san aikina ko a cikin buhu. Saura kaɗan. Da bakinka ko da hannuna?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ta fito siririya kamar ta yarinya. Na ce, "Tawa ce. Shanunmu ne. Ni na bar su na tafi kallon kokawa." Na ƙara da abin da ya fi yi mini nauyi, na ce ni na sa su cikin rafi don a rasa sawu.

Na jira mari daga Baba, bai zo ba, kuma da ya zo da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya je har cikin rana inda Baffa yake, ya tsuguna a gabansa, babban mutum mai garke, ya ce, "Ɗana ya zalunce ka, ni ma na zauna a taro na yi shiru ana korarka. Ka yafe mana." Baffa ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi, ya ce, "Haba Malam, tashi. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mai gonar ya ƙi karɓar saniya. Ya ce shi hannu yake so. Aka yanke zan yi masa aiki damina biyu, daga sharar gona har ɗaurin dami, Baba kuma ya ciyar da gidansa da hatsi har sabuwar kaka. Na shiga aikin ina ganin hukunci ne, kuma hukuncin ne, hannuna ya yi kanta ya fashe, bayana ya ƙi miƙewa. Amma dattijon nan bai taɓa ambata mini ɓarnar ba ko sau ɗaya. Ya koya mini gane ƙasar da ke son gero da wadda ke son dawa, da yadda ake jin damshin shuka da tafin ƙafa, da lokacin da taki yake ƙona iri. A damina ta uku, da ba wanda ya tilasta ni, na roƙi Baba ya nema mini fili. Ni ne na farko a gidanmu da ya cika rumbu da guminsa. Duk gonakin da 'ya'yana da jikokina ke nomawa yau daga nan suka faro.

Wuƙar kuwa tsohon bai ba ni ita a ranar ba. Bayan kwana biyu ya aika a kira ni. Na tarar ya kankare fentin tas, har cikin ƙota. Ya cire ƙotar, ya sa ƙarfen a wuta har ya yi ja, ya ɗora kurfi a kan tsohuwar shaidar ya sake bugawa, gefensa da gefenmu, sannan ya ba ta ruwa ya wasa ta. Ya miƙo mini ya ce in shafa. Shaidar ta yi zurfi har farce yana shiga. Ya ce, "Yanzu ko ka sake yi mata kwalliya, makaho ma zai gane ta." Sai ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, karo na farko a cikin kwana biyar.

Duk mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya. Wuƙaƙen yanzu kuwa daga kwali ake fito da su, baƙaƙe masu sheƙi irin wadda ta ruɗe ni, da tambarin kamfani wanda wanki biyu ke gogewa. Na daɗe ina ganin aikin hannu ya tafi ke nan. Sai a bara ɗana ya kai ni Gwarzo gyaran ƙofar ƙarfe, muka shiga shagon wani mai walda, mutum mai kimanin shekara arba'in. A gefe na ga tarin wuƙaƙen mahauta. Ya ce fentin yana ɓarewa yana shiga nama, shi ya sa suke kawo masa ya cire. Yana shafa musu wani magani mai wari, fentin ya kumbura ya saki, ya kankare, ya bi da samfefa. Wanda yake son sunansa ko tambarin ya zauna, sai mai waldar ya shafe wurin da janfarce, ya zana da allura, ya maƙala waya ɗaya daga batirin babur a jikin wuƙar, ɗaya a auduga da ya tsoma a ruwan gishiri. Yana dangwala audugar a kan zanen tana ƙara tsuu, tana baƙi, ƙarfen yana cinyewa a inda allura ta bi kawai. Ba wuta, ba masaba. Na tsaya baki buɗe.

Garin gaisuwa da tambayar gida na gane jikan tsohon maƙerinmu ne, ta wajen ɗansa da ya bar ƙauye tun yana saurayi. Na tambaye shi ko ya san shaidar kakansa. Ya ce ya ji dai ana cewa yana da ita, bai taɓa gani ba. Na sa hannu a ƙugu na zaro tawa. Wasawar shekaru ta cinye ta har ta zama kamar ganyen ciyawa, amma sawun zabuwar nan yana nan. Mutumin ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, ka ba ni izini in ɗauki shaidar nan in riƙa bugawa?" Na ce, "Ni wane ne da zan ba ka izini? Gadonka ne." Yanzu ya sayi sifirin mota yana gwada ƙira da kansa, kuma mahautan sun fara cewa a yi musu mai sawun zabuwa.

Ta farko da ta yi kyau ya aiko mini da ita kyauta. Na yi kwana biyu ina juya ta, sai na ga ba a gidana ya kamata ta zauna ba. Zuriyar Baffa ba su bar ƙasar nan ba, sun yaɗu har sun zama unguwa guda a wajen Masanawa. 'Yarsa, wadda take ƙarama a wancan lokacin, tana nan da rai, tsohuwa mai jikoki, har ta je Makka ta dawo. Na sa aka kai ni. Bayan mun gama gaisuwa, na ajiye wuƙar a gabanta a kan tabarma, na fara ba ta labari. Ta ɗaga hannu.

"Yaya, ai na sani. Ranar nan mun riga mun ɗaure kaya. Ina tuna Inna tana cusa ƙore a cikin raga tana kuka."

Na ce, "Hajiya, na kusa raba ku da garin nan."

Ta ce, "Akwai abin da ba ka sani ba. Babanmu ya san wuƙarka ce tun da aka ɗaga ta a ƙofar mai unguwa. Yana ƙetare yana ba shanu ruwa ranar da kake shafa mata fenti."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Inna ma haka ta tambaye shi, da faɗa. Ya ce idan shi ya nuna ka, za a ce baƙo ya yi wa ɗan gari sharri, ko an yarda ma kai ka zama maƙaryaci har ka mutu. Ya ce a ba yaron kwana biyu, zai faɗa da bakinsa. Inna ta ce idan bai faɗa ba fa? Ya ce to sai mu tafi, Allah yana da ƙasa."

Ta ɗauki wuƙar, ta sa aka miƙo mata albasa, ta yanka ta gani. Ta ce, "Tana ci kuwa." Sannan ta dube ni da idon nan nata da ya fara fari, ta ce, "Shekara nawa kana wuce ƙofar gidanmu, ka yi gaisuwa a tsaye ka ƙara sauri, ko ruwa ba ka taɓa sha ba. Baba ya lura har ya rasu. Yau dai ba inda za ka."

Ta ƙwala wa surukarta kira ta ce a ƙara hannu a tukunya. Na cire takalmina na gyara zama.